Takardar Shaidar Kanikanci a Ƙasar Gumel: Tarihin Koyo, Albashi da Bashi

Gabatarwa

Maƙasudin wannan lacca shi ne bin diddigin yadda ake samar da ƙwararrun ma'aikatan injuna a ƙasar Gumel, watau Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar. Ma'aikacin da ake nufi shi ne wanda ke tsakanin injiniya mai digiri da bakaniken gefen hanya, wanda ya yi karatun injuna a makaranta har ya sami satifiket ko difloma. Tambayoyi uku ne suka ratsa tarihinsa: wa ya biya kuɗin koyonsa, nawa ya samu bayan ya gama, kuma ina ƙarshen tsaninsa?

Zamanin reluwe da En'e

Tun kafin zuwan Turawa ƙasar Gumel tana da maƙera, kuma ɗan koyo ba ya biyan kuɗi. Ƙarfinsa yake bayarwa, ya yi zuga, ya yi wa maigidansa noma, har ranar da za a yaye shi. Inji irin na zamani kuwa jirgin ƙasa ne ya shigo da shi. Layin dogo daga Kano ya isa Nguru a 1930, zamanin Sarkin Gumel Muhammadu na Kota, aka kuma kafa tasha a Gagarawa. Ta haka garin ya zama mashigar gyaɗar wannan yanki zuwa Kano da Ikko.

Jirgi da motocin dakon gyaɗa suna bukatar mai gyara. Amma da yake makarantun boko na Arewa an gina su ne don samar da malamai da akawuna, yawancin ƙwararrun reluwe daga Kudu suka zo, 'yan ƙasa kuwa suka tsaya a leburanci. Wanda ya sami shiga ma'aikatar reluwe ko sashen ayyuka na En'e, a bakin aiki yake koyo, ana ba shi ɗan abin kashewa. Bashinsa ke nan: shekarun da zai yi yana aiki ƙarƙashin wanda ya koya masa.

Gwamnati ta ɗauki nauyi

Shirin raya ƙasa na shekara goma da aka soma a 1946 shi ne ya kawo makarantun koyon sana'a na gwamnati. An buɗe cibiyar fasaha ta Yaba a 1947, ta Kaduna kuma a 1956, wadda ta zama Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna a 1968. Ɗalibai suna zama jarrabawar City and Guilds ta Landan. Rahoton Kwamitin Ashby na 1960 ya yi gargaɗi cewa ƙasar da ta tara injiniyoyi ba tare da isassun mataimaka ba, ta gina soro ne babu ginshiƙi.

Shekarun arzikin man fetur su ne lokacin da takardar ta fi daraja. An kafa Asusun Horar da Ma'aikatan Masana'antu a 1971, wanda ya fito da tsarin tura ɗalibai koyon aiki a kamfanoni a 1973. An kafa Hukumar Ilmin Fasaha ta Ƙasa a 1977, mai hedkwata a Kaduna, don ta daidaita manhaja da takardun difloma. Kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a Kaduna a 1975, masana'antun Bompai da Sharaɗa a Kano kuma suna neman ma'aikata ruwa a jallo. A karkara ma hukumomin aikin gona da na ruwan sha suna bukatar masu kula da tarakta da rijiyoyin burtsatse, abin da ya fi muhimmanci a ƙasa mai rairayi da zurfin rijiya kamar Gumel. Ɗalibin da ya fito daga wannan yanki, wanda a lokacin yake cikin Jihar Kano, yakan yi karatu da tallafin gwamnati, aiki kuma na jiransa. Mafi ƙarancin albashi a 1981 Naira 125 ne, wanda ya kai kimanin Dalar Amurka 200 a canjin wancan lokaci.

Sai dai tsanin yana da rufi. A tsarin aikin gwamnati da ya biyo bayan Kwamitin Udoji na 1974, mai ƙaramar difloma kan fara ne daga mataki na 6, kuma ko ya ƙaro babbar difloma, layin jami'an fasaha a mataki na 14 yake tsayawa, alhali mai digiri yana iya kaiwa na 17. Wannan bambanci ya sa haziƙan yara da iyayensu suka ɗauki makarantar fasaha tamkar wurin wanda jami'a ta ƙi.

Bayan 1986

Shirin tsuke bakin aljihu na 1986 ya karya darajar Naira. Kayan gyara suka yi tsada, lantarki ya yi ƙaranci, masaƙu da masana'antun Kano da Kaduna suka riƙa rufewa ɗaya bayan ɗaya, jirgin Nguru ma ya daina zirga-zirga yadda ya saba. Injunan da aka sayo wa makarantun sakandare domin tsarin 6-3-3-4 na 1982, da yawansu sun tsufa cikin akwatuna saboda rashin wuta da rashin malamai.

Ƙirƙiro Jihar Jigawa ranar 27 ga Agusta 1991 ya matso da makarantu kusa. Kwalejin fasaha ta Kazaure ta koma hannun Gwamnatin Tarayya a 2007 da sunan Hussaini Adamu, akwai kuma ta jiha a Dutse da ta Binyaminu Usman a Haɗeja. Makarantu sun yawaita a daidai lokacin da masana'antu suka ragu. Nauyin karatu kuma ya sauko kan iyali: a sayar da riɗi ko zoɓo, a kai rago kasuwar Maigatari ranar Alhamis, ko a ci bashin ɗan'uwa. Ƙudurin dokar soke bambanci tsakanin babbar difloma da digiri ya wuce Majalisar Tarayya a 2021, amma Shugaba Muhammadu Buhari bai sa masa hannu ba.

Sabon bashi

Rancen ɗalibai ba baƙo ba ne. An kafa hukumarsa a 1972, ta kuma durƙushe saboda waɗanda suka ci ba su biya ba. Dokar 2024 ta sake farfaɗo da shi ƙarƙashin asusun NELFUND: babu kuɗin ruwa, ana fara biya shekara biyu bayan hidimar ƙasa, ana cire kashi 10 cikin 100 na albashi. Mafi ƙarancin albashi da aka yanke a 2024 Naira 70,000 ne, abin da bai kai Dala 50 ba a canjin shekarar. Alal misali, wanda ya ranci Naira 300,000 kuma yake karɓar wannan albashi, za a riƙa cire masa Naira 7,000 kowane wata har wata 43. Sharaɗin yana da sauƙi, amma ya ginu ne a kan zaton akwai albashi.

Kammalawa

Tarihin nan ya nuna cewa darajar takardar kanikanci ba daga makaranta kaɗai take fitowa ba. Daga yawan injunan da ke aiki a ƙasa take fitowa. Lokacin da jirgi ke tsayawa a Gagarawa, masana'antu kuma ke juyawa a Kano, takardar ta ciyar da mai ita. Yankin ciniki maras haraji na Maigatari da shirin noman rake da sarrafa sukari a Gagarawa, wanda ya jawo taƙaddama kan filayen manoma, za a auna amfaninsu ne da adadin 'yan ƙasa da suka riƙe injuna a cikinsu, ba masu gadi da leburori ba.

Ga ɗalibi, abin lura shi ne ya tabbatar Hukumar Ilmin Fasaha ta amince da kwas ɗin, ya kuma duba ko ɗakin koyon aiki yana da injuna masu motsi, domin injin niƙa da injin ban-ruwa da famfon hasken rana ba sa tambayar takarda, hannu suke tambaya. Ga ma'aikacin gwamnati kuwa, duk rijiyar burtsatse ko tarakta da aka saya ba a ware kuɗin mai kula da ita ba, asara biyu ce: inji ya mutu, wanda aka horar domin shi kuma ya zauna da bashi.