Daga kanto zuwa komin: yadda ƙananan hukumomin Nijar suka koyi haɗa kai

Ƴan uwa ɗalibai, da yawanmu mun girmi komin ɗin da ta ba mu takardar haihuwa, ko kuwa sa'anninta ne mu. Ranar 24 ga Yuli 2004 aka yi zaɓen da ya kafa ƙananan hukumomi 265 a Nijar, 213 na karkara, 52 na birni. Kafin nan, mutumin ƙauye bai san magajin gari ba. Abin da ya sani shi ne maigari, da sarkin kanto, da superfe.

Asalin tsarin daga Turawan Faransa yake. Sun yanka ƙasa suka ɗora kumandan a bisa, sarakunan kanto suna tara masa lanho da ƴan aikin tilas. Bayan samun ƴanci, dokar 1964 ta raba ƙasa jihohi bakwai, amma har lokacin daga Yamai ake naɗo mai mulki. Sojojin Seyni Kountché da suka zo a 1974 sun dogara ga samariya da ƙungiyoyin manoma, ba su ba talaka ƙuri'ar zaɓen shugaban garinsa ba. Maganar ta taso da ƙarfi bayan babban taron ƙasa na 1991, sannan yarjejeniyar sulhu ta 24 ga Afrilu 1995 da ƴan tawayen arewa ta yi alkawarin a sakar wa yankuna mara. An gwada zaɓe a Fabrairu 1999, aka soke sakamako a wurare da dama, wata biyu bayan haka aka kashe shugaba Baré, magana ta kwanta sai 2004.

To, an haifi komin, amma hannu wofi ta zo. Magajin garin karkara ya tarar da ofis ba kwamfuta, wani wurin ma ba ofis ɗin. Kuɗin shigarsa lanho ne da tikitin kasuwa, kuma shekarar farko, 2005, ta faɗo cikin yunwa. Wa zai biya lanho rumbunsa ba hatsi? Ga shi ana jiran ya gyara fanfo, ya rufe ajin zana, ya rubuta haihuwa da mutuwa. Komin guda ba ta iya biyan albashin injiniyan ruwa, balle ta sayi motar kwasar shara.

Nan dabarar haɗa kai ta fito. Misali mai kyau yana gundumar Dakoro, jihar Maradi. Tsohon kanton Kornaka an yanka shi komin biyar: Kornaka, Ajekoriya, Ɗan Gulbi, Mayara da Sabon Mashi. Magadan garin suka ga iyakokin sabbi ne, mutanen kuwa ɗaya ne, kasuwanninsu ɗaya, burtalin dabbobinsu ɗaya. Sai suka kafa ƙungiyar komin-komin na kanton Kornaka, suka ƙulla hulɗa a dunƙule da wasu ƙananan garuruwan yankin Normandi na Faransa, tare da ƙungiyar Eau Vive mai aikin ruwa. Abin lura shi ne, abin da doka ta raba, buƙata ce ta maido shi wuri guda. Mai ba da tallafi ya fi sauraron murya guda a kan biyar masu gardama, kuma ma'aikacin da komin ɗaya ta kasa ɗauka, biyar suna iya yin karo-karo su riƙe shi.

Daga baya doka ta biyo sawu. A 2008 an kafa ANFICT don ta raba wa ƙananan hukumomi tallafin gwamnati. Kundin dokar 17 ga Satumba 2010 ya yarda su ƙulla yarjejeniya tsakaninsu kan aikin da ya shafe su duka. A 2016 aka miƙa masu wani ɓangare na ilimi, lafiya, ruwa da muhalli. Sai dai magadan gari sun daɗe suna kukan an ba su kaya ba a ba su jaki ba: aikin ya sauko, kuɗin ya tsaya Yamai.

Haɗin yana da nasa ciwo. Wace komin za ta fara samun rijiya? A wane gari za a ajiye ofis? Idan magadan gari ba jam'iyyarsu ɗaya ba, ko wata ta ƙi zuba kasonta, aiki sai ya tsaya. In kuma kuɗin baƙo ne ginshiƙi, ranar da ya tafi rufin ya faɗi.

A Afrilu 2024 hukumomin soja sun rushe majalisun da aka zaɓa a Disamba 2020, suka naɗa masu riƙo. Wannan bai kawar da buƙatar ba. Gulbin Maradi bai san iyakar komin ba, haka makiyayin da ke gangarowa daga Tarka da kaka. Yaron da ba a rubuta haihuwarsa ba zai sha wuya ranar jarrabawa, ko wa ke zaune a kujerar. In kun koma gida hutu, ku leƙa ofishin komin ku tambaya: da wace maƙwabciya muke aiki tare, a kan me, kuma wa ke biya?