Kafin a Kori Direba: Yadda Awon Fitsari Ya Zama Hawa Biyu

Duk mai motocin haya ko baburan kabu-kabu a hannun yara, daga Magariya zuwa Tinkim ko daga Dungas zuwa kasuwar Maigatari, ya san zullumin ƙwaya. Tramol ta shiga tasha, ta shiga gonakin rake, ta bi 'yan cin rani ta dawo da su. A ƙetaren iyaka kuwa awon fitsari ya zauna da gindinsa: hukumar zaɓe ta jihar Kano kan tura 'yan takarar ƙananan hukumomi wurin NDLEA, hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta Najeriya, a auna su, kuma Janar Buba Marwa, tun da ya karɓi shugabancin NDLEA a 2021, yake kiran ma'aikatu da makarantu su bi sahu. Abin da ya karɓu a Kano ba ya daɗewa bai iso Damagaram ba. Sai dai awon nan hawa biyu ne, kuma hawa na biyu shi ne wanda ake mantawa da shi a hanya.

Asalinsa daga barikin soja ne. A 1971 shugaban Amurka Richard Nixon ya ba da umarni kada sojan da ke Biyetnam ya hau jirgin komawa gida sai an auna fitsarinsa, saboda hiroyin da ta yi musu katutu. A daidai wannan lokaci wani kamfani mai suna Syva ya fito da awo mai sauri da araha. Bayan shekara goma, a watan Mayun 1981, wani jirgin yaƙi ya faɗi a kan jirgin ruwan yaƙin Amurka mai suna Nimitz, mutum 14 suka mutu, aka kuma sami alamar wiwi a jikin wasu daga cikin mamatan. Daga nan rundunar sojan Amurka ta shiga auna kowa babu ƙaƙƙautawa.

Gaggawar ta ci mutane. Kwamitin da aka kafa a 1983 ya tarar da sakamako masu tarin yawa ba su da madogarar da za ta tsaya a gaban alƙali, dole aka sake duba shari'ar dubban sojoji, wasu tuni an sallame su da tabon da ba su ci ba. A 1985 kuma masu bincike na cibiyar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, suka wallafa abin da ya faru da suka aika fitsarin da suka san abin da ke cikinsa zuwa ɗakunan gwaji 13, a ɓoye, kamar na marasa lafiya. Wasu sun kasa ganin ƙwayar da aka zuba da gangan, wasu suka ga ƙwaya inda babu ita.

Duk da haka ba a fasa ba. Shugaba Ronald Reagan ya sa hannu a watan Satumbar 1986 a kan umarnin auna ma'aikatan tarayya, hatsarin jiragen ƙasa na Maryland a Janairun 1987, wanda ya kashe mutum 16 kuma direba ya sha wiwi, ya ƙara wa abin ƙarfi. Amma ƙa'idojin da suka fito a 1988 sun ɗauki darasi. Awon farko rariya ne kawai. Duk abin da ya maƙale a cikinta sai an kai shi ga na'urar GC-MS, wadda ke rarrabe sinadarai ɗaya bayan ɗaya, ta faɗi sunan kowanne da yawansa. Kowane hannu da kwalbar ta ratsa sai an rubuta. Sannan likita na musamman ya tambayi ma'aikacin magungunan da yake sha kafin a sanar da uban gidansa. Dokar sufuri ta 1991 ta ƙara da raba fitsarin kwalba biyu, ta biyun a like, domin mai shi ya nemi a auna ta a wani wurin in bai yarda ba.

Me ya sa awon farko ke ruɗuwa? Domin kamanni yake bi, kuma magunguna da yawa suna kama da juna. Nan ne abin ya shafe mu kai tsaye. Rifamfisin na masu tarin fuka da ofuloksasin da ake saya a kowane kantin magani suna iya fitowa kamar dangin hiroyin. Efabirenz na masu ƙanjamau ya sha fitowa kamar wiwi. Wasu magungunan mura kan yi kama da amfetamin. Mutumin da aka kora a kan wannan ya rasa aiki, ya rasa suna a gari, in kuma ya kare kansa sai ya tona cutar da yake ɓoyewa. Amurkawa da kansu sun ɗaga ma'aunin dangin ofiyom daga nanogiram 300 zuwa 2,000 a 1998, saboda 'ya'yan fofi, tsiron da ake samun ofiyom, da ake barbaɗawa a kan burodi suna jefa marasa laifi cikin zargi.

Akwai kuskure na ɗaya gefen, wanda ya fi damuna. Jerin 1988 an tsara shi ne a kan matsalar Amurka: wiwi, hodar iblis, dangin ofiyom, amfetamin da PCP. Tramol ba ta ciki, kuma layin ofiyom na yau da kullum ba ya kama ta sai an sayi wanda aka yi dominta. Binciken da Najeriya ta yi da ofishin yaƙi da miyagun ƙwayoyi na Majalisar Ɗinkin Duniya, UNODC, a 2018 ya ƙiyasta mutum miliyan 4.6 masu shan irin su tramol da kodin ba bisa ƙa'ida ba, kuma a Nijar hukumar yaƙi da fataucin ƙwayoyi, OCRTIS, tana yawan kama ta. Mai mota zai iya kashe kuɗinsa, direban da ya haɗiyi tramol da asuba ya fito fes.

A dubi ɗan katin da ake awon farko da shi. Mun saba da gwajin zazzaɓin cizon sauro, inda layi biyu ke nufin akwai cuta. A nan akasin haka ne: layi biyu babu ƙwaya, layi ɗaya akwai zargi, kuma ko layin na biyu ya fito dishi-dishi, a matsayin babu ake lissafa shi. Minti biyar ake karantawa, in ya jima sai a jefar. A jikin kwalinsa an rubuta kada zafi ya wuce digiri 30, alhali a bazarar Magariya ma'auni kan haura 40 a cikin shago mai rufin kwano. Ko ya faɗi gaskiya ma, jiya yake ba da labari: mai yawan shan wiwi kan yi makonni alamarta na fita a fitsarinsa, don haka katin ba ya nuna ko mutum a buge yake lokacin da ya riƙe sitiyari.

Katin ya ƙetaro iyaka cikin sauƙi domin yana shiga aljihu. Na'urar tabbatarwa kuwa tana son wutar da ba ta yankewa, da iskar gas, da ƙwararre, shi ya sa sai manyan birane. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, a jagorar da ta fitar a 1996, ta nemi a ɗauki shaye-shaye a wurin aiki a matsayin matsalar lafiya, a kuma rufa wa ma'aikaci asiri. Uban gida a Magariya ko Dungas da katin ya nuna masa layi ɗaya yana da hurumin karɓe makulli a ranar, don rayukan fasinja. Sallama kuwa ta jira: a like sauran fitsarin a gaban mai shi, a sa shi cikin sanyi, likita ya duba takardun magungunansa, a aika kwalbar inda za a tabbatar.