Daga Makarantar Sana'a Zuwa Panteka: Tarihin Yadda Hukuma Ta Riƙa Sama wa Matasa Abin Yi a Kaduna

Duk wanda ya taɓa riƙon yaron garinmu a Kaduna ya san tambayar da ke biyo bayan gaisuwa idan ya je gida hutun Sallah. Uwa za ta ce, "Malam, yaya maganar aikin ƙanen naka?" Kawu ma ya ja ka gefe ya maimaita. Mu kan amsa da cewa ana nan ana ƙoƙari, alhali yaron yana kwance a ɗakin zaure a Kawo ko Unguwar Dosa, takardunsa na cikin leda a ƙarƙashin katifa. Da kwamitin wannan mujalla ya nemi mu rubuta wani abu a bana, sai muka ga ya dace mu waiwayi inda wannan tambaya ta samo asali, domin iyayenmu ba su yi ta a banza ba. Akwai zamanin da zuwa Kaduna da samun aiki kusan abu ɗaya ne.

Kaduna gari ne da aikin hukuma ya haifa. A 1917 Turawa suka kammala ƙaura da hedikwatar Arewa daga Zungeru zuwa nan, suka kafa ofisoshi da barikokin soja da gidajen ma'aikata a arewacin kogi. Waɗanda suka fara cika unguwannin 'yan ƙasa, leburori ne da masinjoji da kuku da tsofaffin soja da masu yi musu cinikin abinci. Saurayi kan zo ne da ƙarfinsa, a ɗauke shi aikin hanya ko na gini, a biya shi a ƙarshen wata. Sai bayan Yaƙin Duniya na Biyu, ƙarƙashin shirin raya ƙasa na shekara goma da aka fara a 1946, gwamnati ta buɗe makarantun koyon sana'a a Yaba da Inugu da Kaduna. A ta Kaduna aka riƙa koya wa samari kafinta da gini da gyaran mota da aikin ƙarfe, ana ciyar da su, ana tufatar da su. A 1956 aka buɗe babbar makarantar fasaha, wadda a 1968 ta zama Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna, wato Poli da ke Tudun Wada.

Wannan ya zo daidai da zamanin Sardaunan Sakkwato, Sir Ahmadu Bello, wanda ya zama Firimiyan Jihar Arewa a 1954. Babbar damuwar gwamnatinsa ita ce ga mulkin kai na tafe, amma mafi yawan akawuna da injiniyoyi da manyan ma'aikatan da ke ofisoshin Kaduna ba 'yan Arewa ba ne. Saboda haka aka ɗauki manufar fifita ɗan Arewa wajen ɗaukar aiki, aka buɗe kwasa-kwasan gaggawa a Makarantar Koyon Mulki ta Kongo a Zariya, aka riƙa ba da sukolashif zuwa Ingila, manyan gwamnati kuma suna bin makarantun sakandare suna kwaɗaita wa yara shiga aikin soja. A ɗaya ɓangaren, hukumar raya Arewa ta zuba jari tare da kamfanin David Whitehead na Ingila aka buɗe masaƙar KTL a 1957. Nortex ta biyo baya a 1962, kafin tsakiyar shekarun 1960 kuma ga Arewa da UNTL. Masaƙun duk a Kakuri suke, a kudancin kogi, amma dattawan da suka riga mu zuwa sun sha ba mu labarin yadda tun da asuba gada kan cika da kekunan ma'aikata daga Tudun Wada da Unguwar Sanusi da Unguwar Shanu.

Abin lura a nan shi ne inda kuɗin gwamnati ya tafi. An kashe shi ne a kan makarantar da za ta koyar, da masana'antar da za ta ɗauka, da gonar audugar da za ta ciyar da masana'antar, tun daga Funtuwa har Gusau. Yaro kan shiga horo ne yana ganin ƙofar da zai shiga in ya gama. Ba kuma muna cewa zamanin babu aibi ba ne. Waɗanda suka yi karatun ƙalilan ne, 'yan mata kusan babu su a lissafi, sau da yawa kuma sai wanda En'e ta ga dama ake turawa. 'Yan Kudu da suka rasa guraben aiki sun ɗauki manufar a matsayin wariya, kuma sun faɗa. Amma ta fuskar haɗa horo da aiki, har yau ba a sake yin tsari mai kama da wannan ba.

Mu kanmu mun ci gajiyar ƙarshen wannan zamani. A 1976 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da shirin ilimin firamare kyauta, UPE, sai aka wayi gari ana neman malamai ido rufe. Aka buɗe kwalejojin horon malamai birjik, aka kafa Cibiyar Malamai ta Ƙasa a Kaduna. Mu da muka shiga kwaleji a waɗannan shekaru, an ba mu abinci sau uku, da kayan makaranta, da sabulu, da kuɗin mota idan an yi hutu, har da ɗan alawus. Da yawanmu mun karɓi takardar turawa makarantar da za mu koyar tun sakamakon jarrabawar Giredi Tu bai fito ba. Masu digiri kuwa, tun 1973 aka kafa musu shirin bautar ƙasa, kuma a lokacin kamfanoni da ma'aikatu ne ke bin su har sansani. Asusun horar da ma'aikatan masana'antu, ITF, da aka kafa a 1971, shi ke biyan ɗaliban Poli alawus idan sun fita aikin sanin makamar aiki. Ga kamfanin haɗa motocin Fijo a 1975, ga matatar mai a 1980. Kuɗin mai ne ya ɗauki nauyin duk wannan, mu kuwa muka zaci haka duniya take. A nan ne tambayar iyayenmu ta samo tushe, kuma a nan ne muka koyi wata ɗabi'a da ta dame mu daga baya, wato ɗaukar cewa aiki shi ne na albashi, sauran kuwa maneji ne.

Farashin mai ya faɗi, gwamnatin Shagari ta shiga tsuke bakin aljihu a 1982, sojoji suka yi ragin ma'aikata a 1984, sannan a 1986 gwamnatin Janar Babangida ta kawo shirin SAP, darajar naira ta zube, aka rufe ƙofar ɗaukar aiki. A karon farko muka ga mai digiri yana yawo da fayil daga ofis zuwa ofis a kan titin Ahmadu Bello da Ali Akilu. Amsar da gwamnati ta bayar ita ce Hukumar Samar da Aikin Yi ta Ƙasa, NDE, wadda aka kafa a ƙarshen 1986 ta fara aiki a farkon 1987.

Ya kamata a yi wa wannan hukuma adalci, domin cikin shirye-shiryenta akwai wanda ya dace da halin da muke ciki. Maimakon gina sababbin makarantu, sai ta riƙa ɗaukar yaro ta kai shi wurin makaniki ko tela ko mai walda da ke da shagonsa, ta ba yaron ɗan kuɗin mota duk wata, ta ba ubangidan nasa ladan koyarwa. Wato ta amince cewa makarantar sana'a mafi girma a ƙasar nan tana bakin titi ne. Akwai kuma rancen noma ga masu digiri, da aikin wucin gadi na gyaran hanya da dashen itatuwa. Inda gizo ya yi saƙa shi ne ranar yaye. An tsara cewa wanda ya gama zai sami rancen kayan aiki ya buɗe nasa wurin, amma waɗanda suka koya sun ninka waɗanda rancen ya kai gare su nesa ba kusa ba.

Daga nan kowace gwamnati ta zo da nata kiɗan. A 2001 aka kafa NAPEP don yaƙi da fatara, kuma abin da ya rage mana daga gare ta shi ne sunan da muke kiran keke mai ƙafa uku. A daidai wannan lokaci masaƙun suka fara mutuwa saboda rashin wuta, da tsadar baƙin mai, da atamfar fasa-ƙwauri, da tsufan injuna. KTL ta rufe a 2002, UNTL ta dakata a 2007, dubban magidanta suka koma gida hannu rabbana. Rikice-rikicen 2000 da 2002 kuma suka raba garin, kogi ya zama kamar iyaka, mutane da dama suka daina neman abinci a ɗaya tsallaken. 'Ya'yan ma'aikatan masaƙa su ne suka cika tashoshin acaɓa, wasunsu kuma suka faɗa hannun 'yan siyasa. Aka yi YouWiN a 2011, aka yi SURE-P a 2012. A 2016 aka fara N-Power, inda ake biyan matashi mai ilimi naira 30,000 a wata, lokacin da mafi ƙarancin albashi yake naira 18,000. Abokan aikinmu da ke riƙe da makarantu a lokacin sun shaida cewa yaran N-Power sun toshe gurabe masu yawa a azuzuwa, wasunsu ma sun fi na dindindin ƙwazo. Amma a 2020 aka sallami rukunin farko da na biyu, ajin ya koma babu malami, matashin ya koma inda ya fito, a 2023 kuma aka dakatar da shirin don bincike. Na aikin wucin gadi da aka yi wa mutum 774,000, dubu ɗaya daga kowace ƙaramar hukuma, naira 20,000 ne a wata har wata uku. Naira 60,000 ke nan, daga ita sai addu'a.

Akwai wani tsohon ɗalibinmu, ɗan garinmu, da ya shiga ɗaya daga cikin irin waɗannan shirye-shirye na koyon sana'a, ba sai mun ambaci wanne ba. Ya koyi walda, hannunsa kuma ya faɗa. Ranar bikin yaye aka jera injuna a gaban manyan baƙi, aka ɗauki hoto, aka ce kowa ya dawo mako mai zuwa da takardar shaidar ƙaramar hukuma da mai tsaya masa. Mu muka tsaya masa. Sau huɗu muna raka shi ofis, a na ƙarshe aka ce an sauya shugaba, a jira sabon tsari. Ya shekara biyu yana acaɓa kafin wani ɗan'uwa mazaunin Legas ya saya masa injin na hannu, ya kai shi wurin wani abokinsa a Panteka. Yau yana da yara shida a ƙarƙashinsa, uku 'yan garinmu ne.

Panteka tana nan daf da Poli, kuma babu wata gwamnati da ta zauna ta tsara ta. Ta faro ne daga cinikin tsofaffin ƙarafa da gwangwanaye, ta girma har ta zama gari guda na masu sana'a. A nan ake narka dalma a zuba tukwane, a ƙera ƙofofi da tagogi da gadaje da tankunan ruwa, a haɗa injin markaɗe da na casar masara, ga kafintoci, ga masu aikin famfo da na wuta. Tsarin koyarwarta shi ne wanda muka gada: uba ko yaya ya kai yaro wurin ubangida, ya fara da shara da miƙa guduma, a riƙa ba shi na abinci, bayan wasu shekaru a yaye shi. Ba ta taɓa tafiya hutu don an sauya gwamnati ba. Mun daɗe muna mamakin yadda ɗalibin injiniya kan tsallako daga Poli ya biya mutumin Panteka ya haɗa masa aikinsa na kammala karatu, shi ya tafi da takarda, mai aikin kuwa babu abin da zai nuna.

An fara gyara wannan a zamanin da Farfesa Idris Bugaje ya shugabanci Poli daga 2017, inda aka ƙulla alaƙa da ƙungiyar masu sana'ar Panteka don a gwada ƙwarewarsu a ba su takardar shaida ta ƙasa. Daga baya ya koma shugabancin hukumar kula da ilimin fasaha, NBTE, wadda aka kafa a 1977, ya ci gaba da wannan kira. Gwamnatin Sanata Uba Sani ta shiga aikin sabunta kasuwar, a 2025 kuma aka buɗe cibiyoyin koyon sana'a uku a Rigachikun da Soba da Samarun Kataf. Muna maraba da wannan, domin shi ne ya fi kama da tunanin 1946 da na 1987. Amma mu da muka ga bikin yaye iri-iri, za mu jira mu ga abin da yaro zai riƙe a hannunsa wata shida bayan an naɗe tabarmar biki.

Saura namu. Shekara da shekaru kuɗin da wannan ƙungiya ke warewa matasa yana tafiya ne wajen sayen fom na jarrabawa da kuɗin rajista, kuma babu laifi a ciki. Sai dai ba mu taɓa ware ko sisi don yaron da ya gama koyon sana'a ba, alhali tarihin da muka bi ya nuna a daidai nan igiya ke tsinkewa. Muna ba da shawara ga babban taro mai zuwa cewa reshen Kaduna ya rubuta sunayen 'yan garinmu da ke da shago a Panteka da Kawo da Kasuwar Barci, da yawan yaran da kowannensu zai iya ɗauka, mata masu ɗinki da saƙa su ma a sa su. A kuma raba asusun ilimi gida biyu, kashi ɗaya ya zama na rancen kayan aiki, a sayi injin da sunan ƙungiya, ubangida da wani dattijo su tsaya wa yaro, ya riƙa biya kaɗan-kaɗan har ya zama nasa. Rassan Legas da Abuja da Fatakwal, waɗanda aljihunsu ya fi namu nauyi, muna roƙon su zo taron da amsarsu a kan wannan.