Daga Gafakar Malam zuwa Laburaren Jami'a: Tarihin Yi wa Ɗalibi Jagora a Ƙonni da Adar

Babban aikin ɗakin karatu na jami'a, wanda aka fi sani da laburare, bai tsaya ga jera littattafai a kan kanta ba, domin ya haɗa da amsa tambayar ɗalibin da yake son sanin littafin da ya kamata ya fara da shi, da wanda zai bi bayansa, da kuma inda zai same su. A gundumomin Birnin Ƙonni da Malbaza da Ilela na jihar Tawa, wannan aiki ya girmi jami'a da ɗaruruwan shekaru, sai dai a da malami guda ne yake ɗauke da shi, shi ne mai littafin, shi ne mai fassara shi, kuma shi ne mai faɗa wa ɗalibi lokacin da ya isa ya wuce gaba.

Yankin ya samu wannan gado ne saboda matsayinsa a tsakanin Agadas da ƙasar Gobir. Gidan sarautar Adar, wanda daga baya ya zauna a Ilela, ya samo asali ne daga Agabba ɗan Sarkin Agadas, kuma hanyoyin da fatake suke bi da gishiri da tufafi su ne malamai suke bi da gafaka, wato jakar fata da ake adana littafi a cikinta. A ƙauyen Maratta da ke kusa da Galmi aka haifi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a shekarar 1754, kafin iyalinsa su koma Degel, kuma neman ilimi ne ya kai shi har Agadas wurin Malam Jibrilu ɗan Umaru. Ƙonni kanta tana cikin garuruwan farko da jama'ar Shehu suka yaƙa a shekarar 1804, bayan hijira zuwa Gudu.

Tsarin karatun wancan zamani yana da matakai sanannu, ko da yake babu wata hukuma da ta rubuta su a matsayin doka. Yaron da ya sauke Alƙur'ani a makarantar allo yakan shiga makarantar ilimi, wadda galibi zauren malam ce, inda zai fara da ƙananan littattafan fiƙihun Malikiyya irin su Ahalari da Ishmawi da Iziyya, sannan ya hau Risala ta Ibn Abi Zaid, kafin ya kai ga Muhtasar na Halilu, wanda gajartar lafazinsa ta sa ba ya karantuwa sai da malami. A fannin nahawu, wato ƙa'idojin jimlar Larabci, Ajurumiyya ce mafari, Alfiyya ta Ibn Malik kuma ta manyan ɗalibai ce. Kowane ɗalibi da nasa littafin da nasa darasin: yakan zauna gaban malam ya karanta jimla cikin Larabci, malam ya fassara masa da Hausa ko Fulatanci, shi kuma yana amsawa da "na'am", wani lokaci ya rubuta ma'anar kalma mai wuya da ƙananan haruffa a tsakanin layuka ko a gefen shafi. Idan malam ya ga ɗalibi ya kai iyakar abin da yake da shi a wani fanni, sai ya ambata masa sunan wani malami a wani gari, kuma wannan turawa ita ce shawara mafi daraja da ɗalibi yake samu, domin babu wani jerin sunayen littattafai da zai duba ya san wanda ya mallaki abin da yake nema.

Ƙarancin littafi ne ya ƙara wa shawarar nauyi. Takarda daga Turai take zuwa ta hamada, har da wadda ake yi a Italiya mai alamar jinjirin wata uku, kuma wanda yake son littafi sai ya aro shi ya juya da hannunsa, ko ya biya wani ya juya masa. Saboda haka kuskuren zaɓi yana iya cinye wa ɗalibi watanni da kuɗin takarda, kuma malamin da ya ba da aron littafinsa ya ba da wani yanki ne na dukiyarsa, shi ya sa ba kowa ake bai wa ba.

Mafi kyawun shaida a kan wannan tsari shi ne ɗan littafin da Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta mai suna Ida'un Nusukhi, inda ya lissafa malaman da shi da wansa Shehu suka yi karatu a wurinsu da littattafan da suka karanta a gaban kowannensu. A ciki ne ake ganin cewa Shehu ya karanci Muhtasar a wurin Usmanu Binduri, ya kuma ɗauki Sahihul Buhari daga Muhammadu ɗan Raji. Littafin yana haɗa sunan kowane littafi da sunan mutum, domin a ganin malaman wancan lokaci karatun da ba shi da silsila, wato jerin malaman da aka karɓo shi daga hannunsu, bai cika abin dogaro ba, kuma ijaza, wato izinin da malami yake bayarwa na a karantar da littafi, ita ce takardar shaidarsu. Ba abin mamaki ba ne da aka sa wa babban laburaren Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato, wadda aka kafa a 1975, sunan Abdullahi.

Zuwan Turawa ya yanke wannan hanya gida biyu. A shekarar 1899 rundunar Faransa ƙarƙashin Voulet da Chanoine ta ƙone Birnin Ƙonni tare da kashe jama'a masu yawa, sannan yarjejeniyoyin 1904 da 1906 tsakanin Faransa da Ingila suka bar garin a hannun Faransa, alhali Sakkwato, wadda ɗalibansa suka saba fuskanta, ta faɗa hannun Ingila. Lakwal, wato makarantar boko, ta zo da Faransanci da littafin da hukuma ta zaɓa, masu mulki kuma suka riƙa sa ido a kan zirga-zirgar malamai. Duk da haka zaure bai mutu ba, hasali ma littattafan ɗab'i da suka riƙa shigowa daga Masar da Kano ta kasuwannin iyaka sun sauƙaƙa wa ɗalibi abin da a da sai ya juya da hannu.

Laburaren jami'a ya iso ne a makare. An buɗe cibiyar ilimi mai zurfi a Yamai a 1971, ta zama jami'a a 1973, kuma ita ce aka sa wa sunan Abdou Moumouni daga baya. Jami'ar Musulunci ta Say ta fara aiki a 1986, Tawa kuwa ba ta samu tata jami'ar ba sai a 2010, wadda yanzu take ɗauke da sunan Djibo Hamani, masanin tarihin da ya wallafa bincikensa a kan Adar kafin mulkin mallaka a 1975. A Yamai ɗin ne kuma cibiyar binciken kimiyyar ɗan Adam ta IRSH take adana dubban rubuce-rubucen hannu na Larabci da ajami, waɗanda Boubou Hama ya yi ɗawainiyar fara tattarawa.

Sakamakon wannan tarihi shi ne ɗalibin Ƙonni ko Malbaza da yake son yin bincike a kan ƙasarsa yakan tarar da kayan aikinsa a warwatse cikin harsuna huɗu: rahotannin masu mulki da Faransanci a Yamai, rubuce-rubucen malaman jihadi da Larabci a Sakkwato, ciki har da na cibiyar tarihi ta Waziri Junaidu, binciken jami'o'in Najeriya da Ingilishi, labarin baka kuma da Hausa a bakin dattawan Ilela da Galmi. Intanet ta rage wahalar tafiya, amma ba ta faɗa wa ɗalibi abin da ya cancanci a yarda da shi, kuma yawancin littattafan da ke gafakar gidajen malamai ba su taɓa shiga kwamfuta ba. Ma'aikacin laburaren da zai amsa tambayar irin wannan ɗalibi da gaskiya dole ne ya san abin da ke waɗannan wurare duka, ya kuma yarda ya tura shi ƙetaren iyaka idan a can amsar take, tunda daga Birnin Ƙonni Sakkwato ta fi Yamai kusa nesa ba kusa ba.