Hankalin Kakanninmu da Alƙalamin Barakat

Akwai wata tsohuwar gardama da ba ta ƙarewa a zaurukanmu, daga ƙauyukan Jazira har zuwa Damazin. Dattijo ya ce hankali ke gani, ido gululu ne, kuma ya sha ganin mai digiri da ba ya iya raba rigimar maƙwabta biyu. Saurayi ya ce rashin sani ya fi dare duhu, kuma rashin karatun iyaye ne ya bar mu a bakin tur'a. Tarihin zamanmu a wannan ƙasa ya riga ya gwada maganar kowannensu, saboda haka ya dace mu dubi abin da ya nuna.

Kakanninmu sun daɗe suna ratsa Sudan a ƙafa kan hanyarsu ta zuwa Makka. Amma babban ayari ya taso ne bayan yaƙin Burmi na 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada a hannun sojojin Ingila. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar jama'a, Fulani da Hausawa, suka yi gabas, suka sauka a Shehu Talha, daga baya ya kafa garin da ke ɗauke da sunansa a kudu da Sinnar. Waɗannan mutane ba jahilai ba ne. Sun zo da allo da tawada, da littattafan fiƙihu, da rubutun ajami. Abin da suka baro a baya da gangan shi ne mulkin Nasara da duk abin da ya zo da shi, har da makarantarsa.

A 1925 aka kammala madatsar ruwa ta Sinnar, aka buɗe gandun audugar Jazira. Wannan gandu aikin masu ilimi ne tun daga tushe. Injiniyoyi suka auna ƙasa, suka yanka ta hawasha-hawasha, kowace fadan talatin da farko, goma daga ciki na auduga. Ruwa ya bi ƙa'ida daga babbar tur'a zuwa Abu Ishirin, daga nan zuwa Abu Sitta. Mufattishi ke faɗin ranar shuka da ranar ban ruwa. Manomi yana da kashi arba'in cikin ɗari na kuɗin auduga, sauran na gwamnati da kamfani, lissafin kuwa yana cikin littattafan ofishin Barakat.

Ba a jima ba wahala ta zo. A farkon shekarun 1930 farashin auduga ya faɗi a kasuwar duniya, cututtuka biyu kuma suka auka wa gonaki, ɗaya mai baƙanta reshe, ɗaya mai naɗe ganye. A nan ilimi ya nuna amfaninsa. Masu bincike a gonar gwaji ta Madani suka gano cewa wani ɗan farin ƙuda ke yaɗa cutar naɗe ganye, kuma tana kwana a kututturen audugar bara. Aka hukunta a riƙa tumɓuke kara har saiwa a ƙone, aka kuma fito da iri mai jure cutar. Babu dattijon da zai iya gano wannan da idonsa, komai daɗewarsa a gona.

A wannan lokaci ne kuma hankalin mutanenmu ya yi musu rana. Manoma da yawa sun watsar da hawashoshinsu saboda ba riba, Takari suka karɓa. Lissafinsu mai sauƙi ne: ko auduga ba ta kawo komai ba, akwai fili da ruwa na shuka dawa, mai dawa a rumbu kuwa ba ya roƙo. Sun saba da fartanya, iyali duka na shiga gona, sun iya cin kaɗan su ajiye saura don guzurin hajji. Da aka shigo da gyaɗa sosai cikin gandun daga baya, masu hawasha da yawa suka miƙa ta ga mutanenmu bisa sharaka, domin sanin gyaɗa gadonsu ne tun daga ƙasar Kano. A gaɓar kogi ta wajen Singa da Rusairis kuwa, su da noman bakin ruwa suka riƙe gidaje masu yawa.

Masu ilimi ma sun yi nasu tuntuɓen. A shekarun 1970 aka dage da feshin magani ta jirgin sama sau da yawa a kaka ɗaya. Maganin ya kashe ƙwarin da ke cinye farin ƙuda, shi kuwa ya saba da shi ya yawaita, har auduga ta riƙa danƙo, darajarta ta ragu, kuɗin feshin kuma ya hau kan lissafin da manomi ke ciki. Ilimin da ba ya sauraron mai gona yakan yi irin wannan ɓarna.

To, me ya sa dattawa da yawa suka hana 'ya'yansu makarantar gwamnati? Dalilansu ba na wauta ba ne. Na farko, sun ɗauki kansu matafiya, mahajjaci kuwa ba ya kafa turke a zango. Masanin nan ɗan Gana, Bawa Yamba, ya rubuta littafi guda a 1995 kan ƙauyukan Jazira inda jikokin mahajjata ke kiran kansu masu kan hanya. Na biyu, sun ji tsoron yaro ya bar allo, ya bar Hausa, ya dawo yana jin kunyar iyayensa. Na uku, sun ga aikin gwamnati na mai jinsiyya ne, to ina amfanin rasa hannu a gona saboda shahadar da ba za ta buɗe ƙofa ba? Duk wanda ya auna da ma'aunin ranar, zai ce sun yi hankali.

Sai dai akwai abin da hankali bai hango ba, domin ba a gona ake yinsa ba. Ƙasar tana komawa hannun takarda. Da auduga ta sake daraja bayan Yaƙin Duniya na Biyu, aka tsananta cewa hawasha ta ɗan ƙasa ce. Wane ne ɗan ƙasa? Dokar jinsiyya ta 1957 ta ce wanda shi ko kakanninsa na wajen uba ke zaune a Sudan tun 31 ga Disamba 1897. A duba wannan rana da kyau: kusan shekara shida ce kafin Burmi. Da layi ɗaya na alƙalami, har waɗanda suka zo tare da Mai Wurno suka faɗa bayan iyaka. A dokar 1994 ranar ta dawo 1 ga Janairu 1956. A tsakanin nan an raba filaye, an buɗe faɗaɗawar Manaƙil, an rubuta sunaye, mu kuwa ba mu da lauyoyi da ma'aikata da 'yan majalisa isassu a ɗakunan da ake rubutun.

Sakamakon yana gabanmu. Iyali sun shekara hamsin a kambo, a filin da ba a rubuta da sunansu ba. Tunda ba a ƙidaya kambo a matsayin ƙauye ba, makaranta da famfo sukan tsallake shi, yara su sha ruwan tur'a su kamu da tsargiya, su tashi ba karatu, su haifi waɗanda za su gaji wannan zama. Ko rikicin Nil Azraƙ na 2022, wanda ya ci ɗaruruwan rayuka, Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, tushensa tambaya ce ta wa ke da suna a littafin ƙasa da na sarauta.

Don haka gardamar zaure ta sami amsarta a tarihi. Hankali ya ciyar da mu, ya tsare mana addini da harshe a baƙuwar ƙasa, wannan kuwa ba ƙaramin aiki ba ne. Amma bai iya kare mana haƙƙi a ofis ba. Dattawan da suka fara tura 'ya'yansu makaranta da safe, allo da yamma, su ne suka fi kowa hankali, domin sun gane cewa zamani ya juya, abin da ya zama dabara jiya ya zama asara yau. Daga gidajensu likitoci da malamai da lauyoyinmu suka fito, wasu ta Jami'ar Jazira da aka kafa a Madani a 1975.

Yau yaƙi ya tarwatsa gidaje, takardu da yawa sun ƙone ko sun ɓace, kuma za a sake rubuta sunaye. Ya kamata kowane mai gida ya nemi lambar ƙasa ta kowane ɗansa, mace da namiji, ya rubuta yarjejeniyar sharaka da shaidu, ya mai da yara aji ko da a ƙarƙashin bishiya ne. Mai shahada kuma ya zauna kusa da dattijo ya tambaye shi wa ya sauka ina, a wace shekara, su wa suka shaida, ya rubuta tun mai labarin yana raye.

Allah ya ba ƙasarmu zaman lafiya, ya jiƙan magabatanmu.