Harafin Farko Kafin Sunan Kamfani: Tantance Tsofaffin Bawul don Amfilifayar Jita a Ƙasar Gummi

Tsakure

Maƙalar ta duba yadda za a gane tsofaffin bawul, wato kwalaben gilashin nan da ke ƙara ƙarfin sauti a rediyon da, waɗanda ake tsinta a rumfunan masu gyara a Gummi da Anka da Bukkuyum, domin sa su a amfilifayar jita. Matsayinta shi ne tsarin masu tara bawul na Turai da Amurka, na fara tambayar kamfani da masana'anta, bai dace da nan ba. Abin fara dubawa shi ne harafin farko na lambar bawul, don shi ke faɗin irin wutar da zarensa, wato wayar da ke ɗumama shi, ke ci.

Gabatarwa

Taransisto, wanda aka ƙirƙiro a 1947, ya kori bawul daga rediyo da talabijin, amma har yau bai kore shi daga amfilifayar jita ba. Makaɗa na son yadda sautinsa ke yin kauri idan an matsa masa, maimakon ya tsage. Vox AC30 tana aiki da EL84 guda huɗu, Marshall ta shahara da EL34, Fender kuma da 6L6 da 6V6, kusan dukkansu kuwa ECC83 ne ke fara karɓar sautin jitar. Masana'antun da suka rage ba su da yawa: akwai a Sulobakiya, da Saratov ta Rasha, da Sin. Da yaƙin Yukiren ya tsuke fitowar kayan Rasha a 2022, farashi ya yi tashin gwauron zabo, tsohon bawul ya ƙara daraja. A yankin da haƙar zinariya ta saba wa mutane da zaton arziki a ƙarƙashin ƙura, ba abin mamaki ba ne mai tsohuwar rediyo ya sa rai. Tambayar ita ce me ke cikin akwatin nasa.

Bitar ayyukan da suka gabata

Brian Larkin, a littafinsa Signal and Noise na 2008, ya bi tarihin rediyon waya da aka kafa a Kano a 1944 da majigin gwamnatin mulkin mallaka. Aiki ne mai amfani, sai dai bai buɗe bayan akwatin ba, kuma ba hurumin da ya ɗaukar wa kansa ke nan ba.

Waɗanda suka buɗe shi su ne masu tara bawul, kuma da su nake jayayya. Sun yi ƙoƙari, ba a musu. Sun warware lambobin da kamfanin Philips da rassansa suka riƙa zanawa da ruwan asid a gindin gilashi: layin ƙasa in ya fara da B, an yi bawul ɗin a masana'antar Mullard ta Blackburn a Ingila, alamar kusurwa uku ta Heerlen ce a Holan, D kuma Hambug. Sun nuna cewa Telefunken na gaske yana da alamar lu'ulu'u a gindi tsakanin ƙafafu. Amma duk wannan ilimi an gina shi ne a kan zaton cewa mai tambaya ya riga ya riƙe ECC83 ko EL84 a hannu, abin da ya rage kawai a san ko na Blackburn ne. Zato ne na mutanen da lantarki ya shiga gidajensu tun kafin rediyo. A nan rediyo ce ta riga lantarki isowa, kuma wannan ya canza irin bawul ɗin da aka bari.

Dabarun bincike

An kwatanta takardun bayanin bawul na Mullard da Philips da jerin bawul ɗin da ke cikin rediyoyin shekarun 1950 da 1960. An duba kwalabe da ido a ƙarƙashin hasken tocila, an auna zarensu da mitar mai gyara.

Sakamako

A tsarin Turai kowane harafi da ma'anarsa. Na farko na nuna wutar zare: D na batir ne mai bolt 1.4, E bolt 6.3, G bolt 5, P zaren da ake jerawa a miliamfiya 300, U kuma a miliamfiya 100. Amfilifayar jita tana ba zare bolt 6.3, wani lokaci da 5 don mai daidaita wuta irin GZ34. Ke nan E da G kaɗai ne nata.

Gummi tana ƙarƙashin En'e ta Sakkwato a zamanin bawul, nesa da garuruwan da ke da injin wuta. Rediyon da za ta yi aiki a irin wannan wuri ta batir ce, irin wadda Ever Ready ta ƙera a 1949 don Rodeshiya ta Arewa, ko danginta masu DK96 da DF96 da DAF96 da DL96. Waɗannan ba su da wani amfani ga mai jita. In aka ba zarensu bolt 6.3, nan take zai ƙone. Ko lokacin da Rediyon Kaduna ta buɗe a 1962, har daga baya tafsirin Shehu Abubakar Mahmud Gumi ya riƙa isowa mahaifarsa ta iska, taransisto ya riga ya fara karɓe kasuwar rediyon batir. Zamanin bawul a nan gajere ne.

Inda ruɗun yake sosai shi ne lamba 84. Rediyoyi masu araha da ba su da taransifoma, irin da ma'aikaci ko alhaji ke tahowa da su daga birni, kan zo da UCH81 da UF89 da UY85 da UL84. Talabijin kuma tana da PL84. Mai gyara in ya ga 84, da tsayin kwalba ɗaya, da ƙafafu tara a jere ɗaya, sai ya ce ai EL84 ne, harafi kawai ya bambanta. Kama da wane ba ta wane. Zaren UL84 bolt 45 yake ci, na PL84 kuma 15. A gurbin EL84 na farkon ba zai ma yi zafi ba, na biyun zai ɗan yi ja ya ba da sauti maras ƙarfi, a ce bawul ya tsufa alhali ba a ƙosar da shi ba ne.

Wasu kan ce to a naɗa wa taransifoma wata waya ta ba da bolt 15 a huta. Wannan kuskure ne mafi girma. UL84 da PL84 ba EL84 ne da aka sauya wa zare ba. 'Yan uwan EL86 ne, wanda aka tsara ya ja wuta mai yawa a ƙaramin bolt, wajen 170, a ragarsa kuma yana buƙatar kusan ninki biyu na bolt ɗin da ke danne EL84. Amfilifayar jita kuwa takan ɗora wa farantin cikin bawul bolt 300 ko fiye. In aka sa shi a haka farantin zai yi jajawur, in ba a yi saurin kashewa ba ya tafi da taransifomar lasifika, wadda ta fi bawul ɗin tsada nesa ba kusa ba.

Zafi da ƙurar hunturu da hannun mai shafawa kan goge farin rubutun kwalba, to a nan mita ke aiki. A bisa lissafi, juriyar zaren EL84 in ya yi zafi wajen om 8 ce, ta PL84 om 50, ta UL84 om 450. A sanyi duka sun yi ƙasa da haka sosai, amma tazarar tana nan. Mai gyara ya ɗora mita a ƙafa ta 4 da ta 5 ya raba ukun, ba tare da ya san inda Blackburn take ba. Kafin haka ma ya dubi saman kwalbar: tabon azurfa lafiya ne, in ya koma fari kamar alli iska ta shiga, sai shara.

ECC83 ba kasafai yake zama cikin rediyo ba. Wurinsa tsohuwar rakoda mai faifan zare da amfilifayar lasifika irin ta majigi da taro da masallaci, can kuma ake sa ran EL34. Wanda ke rediyo mai zangon FM shi ne ECC85, mai kama da shi a ido, amma ƙafarsa ta 9 garkuwa ce, ta ECC83 kuwa tsakiyar zare ce. 6N2P na Tarayyar Sobiyet ma kamar ECC85 yake. A wannan gaɓa zanen asid ke da rana, wajen raba ECC83 da 'yan uwansa: I6 na ECC83 ne, Gf na ECC82, Tk na ECC81, waɗanda ƙarin sautinsu yake 100 da wajen 17 da 60 bi da bi.

Iyakar bincike

Dole a yarda mita ba ta raba EL84 da EL86, tunda zarensu ɗaya ne, bolt 6.3 da miliamfiya 760, sai an koma ga zanen asid ko na'urar gwajin bawul. Ba ta kuma nuna ko bawul ya gaji. Masu jita ba su da yawa a Gummi, inda kalangu da kotso suka fi tasiri, don haka masu saye sai a Kaduna da Jos ko Yamai da Agadas. Binciken bai shafi lambobin sojan Ingila masu farawa da CV ba, waɗanda ke buƙatar jadawali na daban.