Zuriyar Mutanen Sukotlan a Kanada

A shekara ta 1773 wani tsohon jirgin ruwa mai suna Hector ya tashi daga Sukotlan da talakawa 189. Bayan mako 11 suka sauka a Noba Skoshiya, watau Sabuwar Sukotlan, cikin Kanada. Mutum 18 sun mutu a teku. An yi musu alkawarin gonaki, amma kurmi suka tarar. Duk da haka dubbai suka biyo sawunsu.

Zuriyarsu ta riƙe algaita mai salka, da goge, da gurasar hatsin ot. Harshensu na Gelik kuwa ya yi ta raguwa, gama makarantu Turanci kaɗai su ke so. Domin wannan wani fasto ya kafa makarantar Gelik a tsibirin Kef Bireton a 1938. Har wa yau a can yara su ke koyon harshen kakanninsu.